Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mazauna Kanada Kan Wutar Da Suka Saki Jiki Da Ita

Zuwa ga mazauna Kanada baki ɗaya, musamman 'yan'uwanmu masu jin Hausa da ke Toronto, Kalgari, Edmonton, Winifeg, Otawa da Montiriyal.

Assalamu alaikum.

Mu injiniyoyin lantarki ne da ma'aikatan tashoshin wuta da masu aikin layi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sakin jikin da muke gani a ƙasar nan game da makamashi. Ka tayar da zancen ƙarancin wuta a gaban ɗan Kanada, sai ya dube ka kamar ka ce masa teku za ta ƙafe. Zai lissafa maka man Alberta, da yuraniyom ɗin Saskatchewan, da madatsun ruwan Kebek, ya ce ƙasar da ke sayar wa Amurka wuta da mai ina ita ina duhu. Wanda ya zo daga Kano ko Maradi kuwa ya fi kowa kwanciyar hankali, domin a ganinsa ya baro ɗauke wuta da ƙarar janareta a gida. Duk mun fahimci wannan tunanin, amma lissafin da ke gabanmu ya saɓa masa.

Mu fara da daren Asabar, 13 ga Janairun 2024. Sanyi a yawancin Alberta ya kusa ko ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili. Kwana biyu kafin nan lardin ya sha wutar da bai taɓa sha ba, megawat 12,384 (megawat ɗaya wat miliyan ɗaya ne). Iska ta kwanta, don haka injinan iska masu ƙarfin fiye da megawat 4,000 kusan ba abin da suke bayarwa. Dama idan sanyi ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifili akan tsayar da da yawa daga cikinsu, saboda ƙarfe kan yi gautsi ya tsage. Rana ta faɗi tun kafin ƙarfe 5, sola ta tashi aiki. Wasu tashoshin gas sun sami matsala. Maƙwabta kuma suna fama da nasu sanyin. Da ƙarfe 6:44 na yamma wayar kowa a lardin ta yi ƙarar gaggawa: a kashe fitilun da ba dole ba, a dakata da injin wanki da na busar da kaya, a jinkirta cajin mota, in ba haka ba za a fara ɗauke wuta na karɓa-karɓa. Cikin daƙiƙoƙi buƙata ta sauka da megawat 100, cikin 'yan mintuna ta sauka da 200, aka tsira.

Ku dubi wannan adadin da kyau. Megawat 200 a cikin fiye da 12,000, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ne tazarar da ta raba lardi mai mutum kusan miliyan biyar da duhu a daren da mutum zai iya daskarewa a ƙofar gidansa. Bayan wata uku, ranar 5 ga Afrilun 2024, ba a ma tsira ba. Da safe, a yanayin da ba wani sanyi na a zo a gani, iskar da aka yi hasashe ba ta zo ba, tashoshi da dama suna kan gyara, wata babbar tashar gas ta faɗi, hukumar AESO mai kula da layukan lardin ta umarci a sauke kimanin megawat 250. Dubban gidaje a Kalgari da Edmonton suka rasa wuta na ɗan lokaci. Mako bai zagayo ba aka daina zancen.

Tushen kuskuren jama'a shi ne haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ruwan da ke cikin rijiya daban, yawan gugan da ke bakinta daban. Rijiya tana iya cika fal, amma idan guga biyu ne kuma garke goma suka sauka lokaci guda, wasu dabbobin za su kwana da ƙishi. Kanada tana da ruwa a rijiya. Abin da ke ƙaranci shi ne guga, wato ƙarfin da tashoshi da layuka za su iya turawa a awa guda mafi tsanani ta shekara, wadda a yawancin larduna takan faɗo tsakanin ƙarfe 5 da 7 na yammacin wata ranar hunturu, lokacin da kowa ya dawo gida, hita tana ci, tukunya tana kan wuta. Lantarki kuma ba a tara shi a rumbu sai ɗan kaɗan a batir. Abin da ake sha a wannan daƙiƙar dole a samar da shi a wannan daƙiƙar. Wutar Arewacin Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa. Idan lodi ya fi ƙarfin injina, juyawar takan ragu, idan ta ragu sosai injinan kan cire kansu don kada su lalace, kowane da ya fita ya bar wa saura nauyinsa. Shi ya sa ma'aikacin ɗakin kula da layi yake gwammace ya yanke unguwanni da hannunsa na minti talatin-talatin, da ya bari komai ya rushe kamar ranar 14 ga Agustan 2003, lokacin da mutum miliyan 50 a Ontariyo da arewa maso gabashin Amurka suka shiga duhu.

To ko ruwan rijiyar ma ya fara ja da baya. Kusan kashi 60 cikin 100 na lantarkin Kanada daga madatsun ruwa yake fitowa, madatsa kuma da ruwan sama da narkewar dusar ƙanƙara take rayuwa. Farin 2023 ya taɓa Biritish Kolambiya da Manitoba da Kebek a tare, su ne kuwa larduna ukun da kowa ke dogaro da rararsu. A waccan shekarar BC Hydro, kamfanin wutar Biritish Kolambiya, sai da ya sayo kusan kashi ɗaya cikin biyar na wutar lardinsa daga waje. Hydro-Québec, kamfanin wutar Kebek, ya rage abin da yake sayarwa ƙetare don ya tattala ruwan tafkunansa. A wasu watannin farkon 2024 wutar da Kanada ta shigo da ita daga Amurka ta fi wadda ta fitar yawa. Mutum nawa ne cikinku suka ji wannan labarin? Fitila ba ta ƙifta ba, takardar kuɗin wuta ba ta nuna ba, shi ke nan ya wuce.

A ɗaya gefen kuma masu sha suna ƙaruwa. Yawan jama'ar ƙasar ya haura miliyan 40 a watan Yunin 2023, kuma a shekarar kaɗai an ƙaru da mutum fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Da yawa cikinmu muna cikin wannan ƙarin, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Ga motocin lantarki, ga gidajen da ke barin gas suna komawa ɗumama da wuta, ga masana'antun batir a Windsor da St. Thomas, ga kamfanin ƙarfe a Sault Ste. Marie da ya koma narka ƙarfe da lantarki, ga gonakin gilashi na Leamington da ke kunna fitilu dare da rana, duk waɗannan garuruwan a Ontariyo suke. A 2024 hukumar IESO mai kula da layukan Ontariyo ta yi hasashen buƙatar lardin za ta ƙaru da kashi 75 cikin 100 nan da 2050, daga terawat-awa 151 zuwa 263 a shekara. Terawat-awa ɗaya kuwa kilowat-awa biliyan ɗaya ke nan. A Alberta masu son gina manyan cibiyoyin kwamfuta sun nemi a ba su fiye da megawat 16,000, abin da ya zarce duk wutar da lardin ke sha a ranar da ta fi kowace sanyi. A 2025 AESO ta ce megawat 1,200 kawai za ta iya ba su zuwa 2028.

Ontariyo tana buƙatar a tsaya a kanta, domin a can ne lokaci ya fi ƙurewa. Kusan rabin wutar lardin daga nukiliya take, tashoshin kuma sun tsufa tare tunda kusan tare aka gina su. Injina biyu na tashar nukiliyar Pickering sun yi ritaya a ƙarshen 2024. Sauran huɗun, masu kimanin megawat 2,000, lasisinsu zuwa ƙarshen 2026 ne, daga nan a rufe su a shiga gyaran da ba zai ƙare ba sai tsakiyar shekarun 2030. A tashar nukiliyar Bruce ana gyaran injina bi da bi har zuwa 2033, ma'ana kullum akwai waɗanda ke kwance. Sababbin ƙananan injinan nukiliya huɗu da aka amince a gina a Darlington, kowane megawat 300, an ƙiyasta za su ci dalar Kanada biliyan 20.9, na farkon kuma ba a sa ran zai ba da wuta kafin wajen 2030. Wa zai cike giɓin kafin nan? Gas ne. Kason gas a wutar Ontariyo ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 2017 zuwa kusan 16 a 2024, a daidai lokacin da wasu majalisun birane ke zartar da ƙudurin a rufe tashoshin gas. Burinsu na tsabtace iska muna tare da shi. Amma duk wanda ya ce a rufe tasha, wajibi ne ya faɗi abin da zai tsaya a gurbinta da ƙarfe 6 na yamma, da megawat nawa, da ranar da zai fara aiki. Birnin Toronto kansa, da duk girmansa, manyan hanyoyi biyu ne ke shigar masa da wuta, sai a 2025 aka ɗauki maganar ta uku da gaske.

Kebek kuma tata matsalar hunturu ce tsantsa. Mafi yawan gidajen lardin da lantarki suke ɗumi, don haka duk digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru, ɗaruruwan megawat ne ke hawa kan layi. A yammacin 3 ga Fabrairun 2023 buƙata ta haura megawat 43,000, sai da aka sayo daga maƙwabta aka kuma nemi manyan masana'antu su rage. A Nuwamban shekarar Hydro-Québec da kansa ya fito da shirin kashe dala biliyan 155 zuwa 185 nan da 2035 don ƙara terawat-awa 60 da megawat 8,000 zuwa 9,000. Kamfanin da ya shekara da shekaru yana neman wanda zai sayi rararsa ke nan yake cewa rarar ta ƙare. Ga kuma alkawuran da aka riga aka sa wa hannu: layin megawat 1,250 zuwa birnin New York da na megawat 1,200 zuwa Massachusetts, kwangiloli na shekara ashirin ko fiye.

Ba a fafe gora ranar tafiya, a harkar wuta kuwa fafe gorar shekara goma take ɗauka. Madatsar Site C a kogin Peace na Biritish Kolambiya an fara gininta a 2015, ba ta kammala aiki gaba ɗaya ba sai 2025, ta ci dala biliyan 16, kusan ninki biyu na ƙiyasin farko. Abin da take bayarwa megawat 1,100 ne, terawat-awa 5.1 a shekara, wanda bai kai rabin abin da lardin ya sayo daga waje a shekarar farin da ta fi tsanani ba. Madatsar Muskrat Falls a Labrador, mai megawat 824, ta wuce dala biliyan 13. Babbar taransifoma ta tashar rarraba wuta, irin mai nauyin ɗaruruwan tan, yau idan ka ba da oda sai ka jira shekara biyu zuwa huɗu, domin kowace a kan ma'auninta ake ƙera ta, ƙarfen cikinta ma masana'antu ƙalilan ne ke yi a duniya. Manyan injinan gas kamfanoni uku ne ke riƙe da kasuwarsu, GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi, kuma layin masu jira ya kai shekaru. Dogon layin wuta, daga neman izini da tuntuɓar al'ummomin asali masu ƙasar zuwa kafa turaku, da wuya ya gaza shekara bakwai. Sannan ma'aikatan da suka iya aikin suna ta ritaya, horar da ma'aikacin layi ɗaya kuma shekara huɗu ne. Abin da ba a fara bana ba, ba zai ba ku wuta kafin shekarun 2030 ba.

Batir yana taimako, kada a raina shi. Tashar Oneida a Ontariyo tana ba da megawat 250 na tsawon awa huɗu, wannan ya isa ya tsallakar da yamma ɗaya mai nauyi. Amma sanyin Janairu kwana huɗu ko biyar yake zama ba iska, batirin da ya zube da ƙarfe 9 na dare kuma sai an sami rarar da za a sake cika shi da ita kafin asuba. Gas ma ba ma'asumi ba ne. A tsananin sanyi ruwan da ke fitowa tare da gas kan daskare a bakin rijiya, ƙananan bututun na'urorin awo a tasha kan toshe da ƙanƙara injin ya kashe kansa, wasu injinan tura gas a bututu kuma da lantarki suke aiki, idan aka ɗauke musu wuta gas ya tsaya, tashar wuta ta rasa abinci. Abin da ya faru a Texas ke nan a Fabrairun 2021, inda hukumomin jihar suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai wani abin da baƙo ba ya saurin ganewa: Kanada ba ta da layin wuta na ƙasa guda. Tsarin mulki ya ba larduna ikon lantarki, kowane ya gina nasa, manyan layukan kuma kudu suka nufa, inda kasuwar Amurka take. Abin da ke haɗa Alberta da Saskatchewan kimanin megawat 150 ne kacal. Layin Alberta da Biritish Kolambiya an gina shi don megawat 1,200, amma ba a barin ya shigo da duka, domin idan ya faɗi da cikakken lodi Alberta ba za ta iya ɗaukar gigicewar ba. Kebek tsibiri ce a harkar wuta, sai ta tashoshin juya wuta na musamman take mu'amala da kowa. Dogaro da maƙwabci kuma yana da sharaɗi: sanyin da ya kama ka shi ma ya kama shi, kowa kansa zai fara ceta. Siyasa ma takan shiga. A Maris ɗin 2025, cikin rikicin haraji da Amurka, Ontariyo ta ɗora ƙarin kashi 25 cikin 100 a kan wutar da take tura wa jihohin Amurka uku, ta janye washegari. 'Yan'uwanmu na Nijar ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan. Sun ga yadda Yamai ta kasance a Agustan 2023 da Najeriya ta katse layin da ke ba ƙasar mafi yawan wutarta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka zancen yake a mai. Bututun Line 5 na kamfanin Enbridge, wanda aka shimfiɗa a 1953, yana ɗaukar ganga 540,000 a rana daga yammacin Kanada, amma ta cikin jihohin Wisconsin da Michigan na Amurka yake bi kafin ya dawo Sarnia a Ontariyo. Kusan rabin ɗanyen man matatun Ontariyo da Kebek ya rataya a kansa. Gwamnar Michigan ta ba da umarnin a rufe shi nan da Mayun 2021, har Kanada ta ɗauko yarjejeniyar bututun mai da ta yi da Amurka a 1977 don kare shi, shari'a kuma ta ci gaba. A Nuwamban 2019 yajin aikin jirgin ƙasa na mako guda ya bar Kebek da gas ɗin furofen na ƙasa da kwana biyar, manoma suka rasa abin busar da masara. A Nuwamban 2021 ambaliya ta tsayar da bututun mai na Trans Mountain kusan mako uku, aka ƙayyade wa masu mota a kudu maso yammacin Biritish Kolambiya lita 30 a kowane zuwa gidan mai. Duk da haka Kanada ba ta da rumbun man gaggawa na gwamnati.

Ba ma ɗora wa talaka laifin wannan sakin jiki shi kaɗai. An ɓoye masa farashi. Gwamnatin Ontariyo tana kashe fiye da dala biliyan 6 a shekara daga baitulmali don rage kuɗin wutar jama'a, Kebek ta ɗaure ƙarin kuɗin wutar gidaje a kashi 3 cikin 100. Mutumin da takardarsa ba ta motsa ba, me zai sa ya yarda akwai matsala? Rahotannin da ke faɗin gaskiya kuma shafi ɗaruruwa ne cikin yaren injiniyoyi. Ɗan siyasa wa'adinsa shekara huɗu, madatsa shekara goma, ba ya son ya sanar da ƙarin kuɗi don aikin da wani zai yanka wa ƙyalle. Mu dai mun faɗa muku: kuɗin wuta zai tashi, ko a takardar wuta ko a haraji, kuma jinkiri ƙara masa tsada yake yi.

Saboda haka idan ɗan takarar majalisar lardi ya ƙwanƙwasa muku ƙofa, ko aka kira taron jin ra'ayi kan sabon layi ko tasha a yankinku, ku je, kuma ku yi tambayar da ke da lamba a amsarta. A ranar da ta fi sanyi, megawat nawa ne rarar lardin nan bayan an cire injin da ya fi kowane girma? A cikin rarar, nawa ne ake sa ran shigowa da shi daga waje, kuma akwai kwangilar da ta tilasta wa mai sayarwa ya bayar ko shi ma yana cikin matsi? Wace tasha za a rufe, a wace shekara, me zai maye ta? Manyan cibiyoyin kwamfuta da ake ba wa wuta, an rubuta a yarjejeniyarsu cewa za su sauka daga layi idan an shiga gaggawa, ko gidajen mutane za a fara yankewa? Wanda ya amsa muku da cewa ƙasar nan mai arzikin makamashi ce, bai amsa ba.

Yanzu ga abin da ke hannunku a cikin gida. Hitar bango ɗaya tana cin wat 1,000 zuwa 1,500. Tankin ruwan zafi wat 3,000 zuwa 4,500. Injin busar da kaya kusan 5,000. Cajar mota ta gida kusan 7,000. Gida dubu arba'in su jinkirta busar da kaya zuwa bayan ƙarfe 9 na dare, megawat 200 ke nan, daidai abin da ya ceci Alberta. A ranakun tsananin sanyi ku ɗumama gida sosai tun da rana, ƙarfe 4 na yi ku rage ma'aunin da digiri ɗaya ko biyu har zuwa 8. Bango da kayan ɗaki sun riƙe zafi, da kyar za ku ji bambanci. Wanka da wanki a kai su dare. Hitar injin mota awa uku zuwa huɗu kafin fita ta ishe ta, ku sa mata agogon kunnawa maimakon ta kwana tana ci. A Ontariyo akwai farashi mai rahusa sosai daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe ga wanda ya zaɓe shi, a Kebek kuma Hydro-Québec yana rage wa wanda ya sassauta a awannin matsin hunturu kuɗi. Ku nema a sa ku.

Mai ɗumama gida da gas kada ya ce shi ba ruwansa. Fankar da ke hura zafin da na'urar da ke kunna wutar duk lantarki suke ci, wat 400 zuwa 800. Wuta na ɗaukewa ɗumi ya tsaya. A bene mai tsawo lif zai tsaya, famfon da ke tura ruwa zuwa hawa na sama ma haka, don haka idan aka yi gargaɗin guguwa ku cika baho da bokitai. Gwamnatin tarayya tana shawartar kowane gida ya iya riƙe kansa awa 72: aƙalla lita biyu na ruwan sha ga kowane mutum a rana, abincin da ba sai an dafa ba, tocila da batir, rediyo mai batir, magungunan masu jinya, da tsabar kuɗi, tunda na'urar kati ba ta aiki ba wuta. Tankin mota kada ya sauka ƙasa da rabi a hunturu, famfon gidan mai ma lantarki yake sha. Firji a rufe yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu, firiza cike kusan kwana biyu. Awa 72 ɗin ma mafi ƙaranci ne: a ruwan ƙanƙarar Janairun 1998 manyan turakun ƙarfe kusan dubu suka zube a Kebek, wasu garuruwan suka yi wata guda ba wuta.

A nan muna roƙon 'yan'uwanmu da babbar murya. Kaskon gawayin da muka saba jin ɗumi da shi a lokacin hunturun gida, a ɗaki mai zana ko taga mai shan iska, kada a gwada shi a nan. Gidan Kanada a toshe yake ruf don kada zafi ya fita, haka ma guba ba ta fita. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai ne da jiri da barci, daga nan sai dai a tarar da mutane. Gawayi, murhun gashi, risho, buɗe tanda don ɗumi, duk hukuncinsu ɗaya. Bayan ruwan ƙanƙarar 5 ga Afrilun 2023, da ya ɗauke wa gidaje fiye da miliyan ɗaya wuta a Kebek, an kwashi mutane da dama zuwa asibiti saboda wannan gubar, wani dattijo kuma ya rasu bayan ya kunna janareta a garejinsa. Janareta waje ake ajiye shi, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida, ko da ƙofar gareji a buɗe take ba a kunna shi ciki. A sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid mai batir kusa da ɗakunan kwana a kowane hawa. Kuma kada a taɓa cusa wayar janareta cikin soket ɗin bango. Wutar takan koma baya ta bi taransifomar kan titi, ta tashi daga volt 240 zuwa dubbai, ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton layin a mace yake. Mai son haɗa janareta da gida ya kira ma'aikacin lantarki mai lasisi ya sa masa makunnin sauya layi.

Idan duhun ya yi tsawo har cikin gida ya doshi sifili, a tara iyali a ɗaki ɗaya, a toshe ƙasan ƙofa da tawul, a leƙa tsofaffin maƙwabta da ɗaliban da suka zo bana ba su taɓa ganin hunturun nan ba. In za a bar gidan, a ceci bututun ruwa tukuna, domin ruwa idan ya daskare kumbura yake ya fasa su, ɓarnar kuma sai ƙanƙarar ta narke take bayyana. A kashe tankin ruwan zafi daga makunninsa kafin komai, don kada ya ƙone idan wuta ta dawo ya tarar ba ruwa. A rufe babban famfon da ruwa ke shigowa, a buɗe famfuna tun daga hawan sama zuwa ƙasa har su tsane, a ja ruwan masai, a zuba maganin hana daskarewa mai ruwan hoda marar guba a magudanan wanka da na kicin.

Wuta na ɗaukewa kuma ku kashe hitoci da tanda da tankin ruwan zafi, ku bar fitila ɗaya a kunne don ku san ta dawo. Unguwar da ta yi awanni cikin sanyi, idan aka mayar mata da wuta duk hitocinta tare suke tashi, lodin ya ninka na kullum, fis ɗin layi ya sake ƙonewa, ma'aikatan da suka kwana a kan turke su koma farko. Ku ba ta minti goma sha biyar ta zauna, sannan ku riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya, hita da farko, tankin ruwa daga baya.

Wassalam.

Daga 'yan'uwanku injiniyoyin lantarki da ma'aikatan tashoshi da na layi.